Gidan rediyo a tsakiyar teku

Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na faɗa sauraren tsofaffin shirye-shiryen Radio Caroline a YouTube. Ku ji ikon Allah, gidan rediyo ne sukutum a cikin jirgin ruwa! A 1964 suka fara, suka tsayar da jirgin can wajen iyakar ruwan Ingila, inda hannun hukuma bai kai ba. Dalili kuwa, BBC a lokacin ba ta ba waƙoƙin pop da rock fili sosai, ga ƙa'idar da ta taƙaita mata awannin sa faifai. Matasa na so, an hana su, ai sai a biyo musu ta teku.

A 1967 gwamnati ta yi doka ta haramta wa 'yan ƙasar yi wa irin tashoshin aiki ko ba su talla. Abin dariya, a Satumban shekarar BBC ta buɗe Radio 1, ta kwaso wasu masu gabatarwar jiragen, har da Tony Blackburn da ya buɗe tashar da shirin safe.

Ni dai ƙarar iskar nan ce ta tuno min da rediyon Yaya. Kaset na ciki, yatsa na kan maɓallin ɗauka, waƙa na farawa mai gabatarwa ya hau surutu a kanta, ka ji kamar ka shaƙe shi. Zare ya sarƙe, a nemo biro a naɗe. Turancin ma ba ji muke ba, amma rerawa har ƙarshe.

Wa ya san mai juye kaset zuwa waya? Akwai kwali guda a ɗakin Hajiya.