Audugar da na tsinke wa kai a Kuje

Bana na ce bari in gwada auduga a ɗan filin da nake haya a Kuje, layi ashirin kacal, irin SAMCOT ɗin nan na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya. Ni ɗan Funtua ne, cikin auduga na tashi, amma wallahi sai yanzu na gane ashe da can kallo kawai nake yi.

Damunar Abuja ba irin ta gida ba ce, ga shi na zabga mata yuriya ba lissafi, sai auduga ta miƙe kamar rama, ganye shar, ta kusa kamo kafaɗata amma ƙululu ɗaiɗai. Na kira Kawu a waya ina ta kora bayani, ya bari na gama sannan ya ce "kai yaro, ka cika ta da taki shi ya sa take maka ganye, je ka tsinke mata kai."

Dalilin kuwa, muddin tohon saman nan yana nan to can ƙarfin yake tafiya, in ka cire shi sai abincin ya koma rassan da suke ɗauke da fure da ƙululu. Kuma furen da ya fito a makare aikin banza ne, daga fure zuwa fashewar ƙululu kusan wata 2 ne, kafin nan ruwa ya ɗauke. Ga malam-buɗe-littafin tsutsar auduga ma a ganyen saman nan mai taushi ya fi son yin ƙwai, an yi bincike kan haka a Mali, a Xinjiang ta Chana kuwa tsinke kan ya zama al'ada.

Layi goma na tsinke, goma na bari. Waɗanda na tsinke sun riga fashewa, ƙululun ya fi cika, iska ba ta kwantar da su ba, feshi ma ya fi sauƙi. Amma fa kar wani ya ce buhu ya ninka, bambancin bai kai yadda na ci buri ba. Akwai layi biyu na gefen tudu da dama can ba su yi ƙarfi ba, zumuɗi ya sa na haɗa da su, su kam asara na ja, don na datse rassan da za su fito nan gaba.

Da na faɗa wa Kawu sai ya yi dariya ya ce wa ya aike ni, ai mai tsawon kaɗai ya ce in taɓa.