Su biyar suka shiga motar, uku duniya ta sani

Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, sai na koma kallon tsofaffin hotunan Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, na 1960, waɗanda wata Bajamushiya mai ɗaukar hoto, Astrid Kirchherr, ta yi musu a Hamburg. Samari biyar ne duk a rame, fuska a murtuke, kowa riƙe da kayan kiɗansa. Ni dai duk sanda na kalli hoton nan idona wajen mai gangar yake tafiya, Pete Best, saboda ni ma ganga na kaɗa a 'yar ƙungiyarmu ta rok wajen shekara biyu da wani abu, kuma na san zaman baya, inda kowa ke jin ka amma ba mai kallon ka.

Farkon abun ai ba wani gwaninta a ciki. John Lennon yana ɗan shekara 16 ya haɗu da Paul McCartney ɗan 15 ranar 6 ga Yuli 1957, a wani bikin coci a unguwar Woolton ta Liverpool, kuma cikin abun da ya burge John har da cewa yaron ya iya saita wayoyin jita da kansa. George Harrison kuwa a saman bene na motar bas aka gwada shi, John yana ganin ya yi ƙanƙanta. Shi Stuart Sutcliffe ma mai zane ne, abokin John a makarantar zane, ya sayar da zanensa ɗaya suka lallaɓe shi ya sayi jitar bes da kuɗin alhali bai iya ba sam. Haka ƙungiya take farawa wallahi, da wanda kake da shi a kusa, in yana da kayan kiɗa toh ya shigo, iyawa ta zo daga baya.

Mai ganga ne ya zame musu ƙarfen ƙafa. Duk wanda ya taɓa haɗa ƙungiya ya san wannan, masu jita kamar jamfa a Jos ba sa ƙarewa amma ganguna ga tsada ga nauyi ga maƙwabta ba sa so. A watan Mayu 1960 suka samu zagayensu na farko, a arewacin Sikotland, suna raka wani mawaƙi Johnny Gentle, da wani mai ganga Tommy Moore wanda ya girme su sosai. A hanya motar ta yi karo, Tommy ya ji ciwo har ya rasa haƙora, amma daga asibiti aka ɗauko shi ya zauna ya kaɗa a daren. Da suka dawo gida bai jima ba ya ce shi ya haƙura, ya koma aikinsa a kamfanin kwalabe. Kuma gaskiya ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Sai ga kwantiragin Hamburg, kuma sharaɗi sai da mai ganga. Pete yana da sababbin ganguna, mahaifiyarsa Mona tana da wani ɗan kulob mai suna Casbah a ƙarƙashin gidansu inda suka saba wasa, aka gwada shi, kwana huɗu tsakani ranar 16 ga Agusta 1960 suna cikin motar Allan Williams, wanda ya samo musu aikin, an cusa mutane da kaya, lasifika a ɗaure a saman rufi, aka tsallaka teku zuwa Holan sannan aka miƙa Jamus. Ranar 17 sun hau dandamali a kulob ɗin Indra.

Nan ne wajen da nake son mutane su tsaya su duba da kyau. Awa huɗu da rabi kowane dare, ƙarshen mako ya kai shida, dare 48 a Indra kafin a rufe kiɗa a wurin saboda ƙorafin hayaniya a mai da su wani kulob ɗin, Kaiserkeller. Mak 30 na Jamus kowa yake samu a rana. Wurin kwana kuwa wani ɗan ɗaki ne a bayan allon sinimar Bambi Kino, dab da banɗaki, a nan suke wanke fuska, sun kwanta da asuba fim ɗin rana ya tashe su. Masu kallonsu ma'aikatan jirgin ruwa ne da mashaya, ba wanda ya zo don su, mai kulob ɗin Bruno Koschmider yana daka musu tsawa su motsa jiki su jawo mutane daga titi. Har ƙwayar Preludin suka riƙa sha don kar barci ya kayar da su, wannan kam ba abun yabo ba ne, amma yana nuna maka irin matsin da yaran suke ciki.

Mu ba mu taɓa yin awa shida ba, mafi tsawo da na yi awa uku ne, kuma har yau ina tuna yadda fatar gindin yatsana ta kumbura ta fashe, na naɗe da filasta, gumi ya sa sandar tana zamewa, ƙafar dama da ke taka babbar ganga ta fara rawa da kanta. Amma a cikin awa ta uku ɗin nan wani abu ya faru da bai taɓa faruwa a ɗakin atisaye ba, na daina ƙirga, mai bes ya ɗaga gira kawai na san za mu juya, mai waƙa ya manta baiti muka zagayo muka ɗauko shi ba wanda ya lura a cikin jama'a. Toh ka lissafa wannan kowane dare wata uku a jere. Waƙoƙin da suka iya ba za su cika awannin ba, dole su koyi sababbi kullum, su ja ta minti uku ta kai goma ko fiye, kuma Pete ya koma taka babbar ganga a kowane bugu da ƙarfi don a ji shi ta cikin ihun mashaya.

Tafiyar ta ƙare ba daɗi. A Nuwamba aka kori George daga ƙasar don shekararsa 17, bai kai yin aiki a kulob da dare ba, sai Paul da Pete su ma aka tasa ƙeyarsu bisa zargin tada wuta a ɗakin sinimar. Suka dawo Liverpool aljihu wayam. Amma ranar 27 ga Disamba da suka yi wasa a zauren Litherland, fosta ta ce daga Hamburg suke, masu rawa suka bar rawa suka ruga gaban dandamali, wasu ma sun ɗauka Jamusawa ne.

Stuart ya bar ƙungiyar a 1961 ya zauna da Astrid ya koma zanensa, Paul ya karɓi bes. Ranar 10 ga Afrilu 1962 jini ya zuba a ƙwaƙwalwar Stuart ya rasu yana ɗan shekara 21, bai ga komai ba daga abun da ya biyo baya.

Pete shi ya ga komai har bakin ƙofa. Yana nan Brian Epstein ya zo ya gan su a kulob ɗin Cavern na Liverpool a Nuwamba 1961 ya zama manajansu, yana nan ranar 1 ga Janairu 1962 suka naɗi waƙa 15 a kamfanin Decca aka ce ba a so, yana nan a watan Yuni da George Martin, mai shirya faifai, ya saurare su ya ce a situdiyo zai kawo wani mai gangar daban, abun da aka saba yi a lokacin. Ranar 16 ga Agusta 1962, shekara biyu cif da shigarsu motar nan, Epstein ya kira shi ofis ya ce yaran sun ce a sauya shi da Ringo Starr, wanda suka saba da shi tun Kaiserkeller. A Oktoba faifansu na farko ya fito.

Ni mai ganga ne kuma ba zan yi son kai ba, Ringo ya fi shi hannu, ya fi dacewa da su, kunne ya shaida. Abun da har yau yake min zafi shi ne a cikin ukun nan ba wanda ya iya kallon idonsa ya faɗa masa da bakinsa, mutumin da kuka kwana ɗaki ɗaya a bayan sinima, aka kore ku daga ƙasa tare. Ya ɗan gwada kiɗa da wasu bai yi nisa ba, ya koma lodin burodi a mota, daga baya ya samu aikin gwamnati ya yi wajen shekara 20 yana taimaka wa masu neman aiki. Sai a 1995 da aka fitar da kundin tsofaffin naɗe-naɗen ƙungiyar, har da waɗanda gangarsa ke ciki, sannan kuɗi mai kauri ya shigo hannunsa, shekara 33 bayan ranar nan ta ofis.