Kwandon Bai Ƙanƙance Ba

Juma'a, 29 ga Disamba, 2023

Ban tashi ba sai da rana ta take. A kujera barci ya sace ni, waya a kan ƙirji, wuya ya ƙage, idanu kamar an watsa musu yashi. Abu na farko da na gani da na buɗe wayar saƙon ƙanena ne: "Yaya, barka da 28. Allah Ya ƙara haƙuri." Ya jero fuskokin dariya har layi biyu. Shi mai goyon bayan Boston ne, kuma bai fara ba sai da ya ga suna ci. Ban ba shi amsa ba.

Wasa 28 ke nan a jere Detroit Pistons, ƙungiyata a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, na shan kashi. Rabonsu da nasara tun 28 ga Oktoba, ranar da suka doke Chicago duk da Zach LaVine ya zuba musu maki 51. Watan Nuwamba ya kama ya ƙare ba su ci ko ɗaya ba. Ranar Talata, a hannun Brooklyn, suka karya tarihin da ba mai so, na shan kashi mafi tsawo cikin kaka guda, wanda Cleveland da Philadelphia ke riƙe da shi da wasa 26. Cade Cunningham, tauraron Detroit, ya ci maki 41 a daren, a banza. 'Yan kallo a Little Caesars Arena, gidan Detroit, sun gaji har suna ihu a sayar da ƙungiyar. Yanzu kuma sun kamo 28 ɗin da Philadelphia ta haɗa daga ƙarshen wata kaka zuwa farkon ta gaba a 2015.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na jiyan sai da suka sa mini rai. A gidan Boston aka yi, inda babu wanda ya ci su bana. Sai ga yaran nan sun ba da tazarar maki 21, aka tafi hutun rabin lokaci 66 da 47. Na tashi tsaye ni kaɗai cikin ɗaki, ina ta kai da kawo kamar mai jiran haihuwa. Ana dawowa, cikin kashi na uku kaɗai, Boston ta goge bashin tas. Bojan Bogdanović na Detroit ya tura wata ƙwallo da ta dawo daga bakin kwando saura 'yan daƙiƙu, aka yi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, aka tashi 128 da 122. Cade ya ci 31. Porziņģis ya ci wa Boston 35. Na kashe waya na zauna shiru, ina jin bugun zuciyata, ina tambayar kaina wane ne ya aike ni.

Wa ya aike ni kuwa? 2004. Ina yaro na ga Ben Wallace da Billups da Rip Hamilton da Rasheed da Prince sun tarwatsa Lakers ta Shaq da Kobe, wasa huɗu da ɗaya, suka ɗaukar wa Detroit kofi. Tun daga nan na liƙe. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to ni baran tawa ta kusa shekara ashirin. Ƙungiyar nan ba ta sake cin ko wasa guda a zagayen fitar da gwani ba tun 2008.

Da rana, maimakon in yi abin da ke gabana, sai na koma kallon tsofaffin wasannin Nuwamba, ina tsayarwa ina mayarwa. Na jiyan bai nuna ainihin cutar ba, don sun yi rabin wasa kamar mutane. Na Nuwamba su ne hoton gaskiya. Kowa cewa yake yi ba su iya jifa ba, shi ke nan. Ni dai na daɗe ina jin maganar ta yi gajarta. Kwandon bai ƙanƙance ba, yana nan ƙafa 10 daga ƙasa, bakinsa inci 18, kamar na kowa. Kuma babu mutumin da zai kai gasar NBA hannunsa bai san jifa ba. A bar mafi rauninsu shi kaɗai a fili, ba mai tsaro, zai zuba har ka gaji da ƙirga.

Na tsayar da bidiyon a daidai lokacin da Cade ya taso da ƙwallo zai kutsa. Na ƙirga ƙafafun da ke gindin kwando. Nan amsar take. Biyar ɗin da aka buɗe kaka da su: Cade, Killian Hayes, Ausar Thompson, Isaiah Stewart, Jalen Duren. Duren ba ya jifa daga nesa sam, aikinsa ƙarƙashin kwando ne, kuma ya iya shi. Ausar yaro ne mai tsalle da tsaro kamar aljani, amma jifansa na maki uku, wato na nesa daga bayan layi, bai kai 20 cikin 100 ba. Hayes, tun da aka ɗauko shi a 2020, jimillar nasa ba ta kai 30 ba. Stewart ya gyara hannunsa, ba laifi, sai dai kafin ya saita ya saki an daɗe, kuma ba ya jefa da yawan da zai tsorata wani. To mai tsaron Ausar me zai tsaya yi a kusurwa? Sai ya bar shi can yana gadin layi, ya matso tsakiya. Mai tsaron Hayes ma haka. Dokar daƙiƙa uku ta hana mai tsaro kafa tanti a gindin kwando, amma ba ta hana shi tsayawa daf da wurin, yana shiga yana fita ba. Duren ya zo ya yi wa Cade shinge, Cade ya zagayo, sai ya tarar da mutum uku, wani sa'in huɗu, hannuwa a sama kamar daji. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Daga nan zaɓinsa uku ne, duka marasa daɗi. Ya kutsa cikin dajin a make ƙwallon. Ya nemi zura ta tsakanin hannuwa shida a ƙwace, su ruga su ci maki biyu na ɓagas a ɗaya ɓangaren, shi ya sa Detroit ke cikin na gaba-gaba wajen zubar da ƙwallo a gasar. Ko ya miƙa wa wanda aka bari a sake, wanda kuma da gangan aka bar shi.

Wannan na ukun shi ne na fi daɗewa a kansa. Ƙwallo ta iso hannun yaro, babu kowa kusa da shi. Maimakon ya saki nan take, sai ka ga ya ɗan tsaya. Ƙiftawar ido ce, amma ana ganinta. Ya yi kamar zai jefa, ya fasa, ya buga ta ƙasa sau ɗaya, ya mayar wa Cade. Agogon daƙiƙa 24, wanda dole a yi jifa kafin ya ƙare, kuma ba ya jiran kowa, ya sauko biyar, huɗu. Sai Cade ya yi jifan dole, yana ja da baya, mutum a fuskarsa, daga wurin da ko ta shiga maki biyu ne kacal. A takardar lissafi za a rubuta cewa Cade ya ɓarar. Ba za a rubuta sunan wanda ya ji tsoron jifa ba.

Lissafin kansa ba ya da tausayi. Wanda ke cin 35 cikin 100 daga bayan layi, jifa 100 sun ba shi maki 105. Kafin ka kamo shi da jifan maki biyu sai ka ci fiye da rabi, wajen 53 cikin 100, kuma babu mai cin haka daga tsaka-tsakin fili da mutum a gabansa, sai ɗaiɗaikun da Allah Ya ba. Layin yana nisan ƙafa 23 da inci 9, a kusurwa kuma ƙafa 22 ne, shi ya sa kowace ƙungiya ke son ajiye maharbi a kusurwa. Detroit na cikin na ƙasa-ƙasa a yawan jifan maki uku da ma yawan masu shiga. Kana tara bibbiyu da gumi, abokin karawarka na tara uku-uku. Ko kun yi daidai a yawan ƙwallayen da suka shiga, ya tsere maka. Ƙungiyar 2004 ta iya riƙe mutane ƙasa da maki 70 wasa biyar a jere, ta ci da tsaro zalla. Wancan zamanin ya wuce, jiya maki 122 ba su isa ba.

Ba wai shugabannin ba su san ana buƙatar maharba ba. Akwai su a takarda. Bogdanović ya ci sama da 40 cikin 100 a bara, amma ciwon ƙafa ya hana shi wasa har farkon Disamba, lokacin gidan ya riga ya kama da wuta. Joe Harris, wanda sau biyu yana zama na ɗaya a gasar wajen daidaiton jifan maki uku, ya iso bayan tiyatar idon sawu ta cinye shi. Monte Morris ko wasa ɗaya bai buga ba tukuna. Alec Burks hannunsa ya yi sanyi makonni. Ana wata ga wata.

Sai koci. Monty Williams ba ƙaramin mutum ba ne, ya kai Phoenix wasan ƙarshe a 2021, ya ci wasa 64 a kakar da ta biyo. An ba shi dala miliyan 78.5 na shekara shida. Amma a Phoenix yana da Chris Paul da Booker, ga Bridges da Cam Johnson a gefe, waɗanda in ka bar su ka shiga uku. A nan ya zaunar da Jaden Ivey a benci makonnin farko, yaron da ya fi kowa gudu, ya fifita Hayes. Sannan ga ɗabi'ar fitar da manyan gaba ɗaya a zuba 'yan benci biyar lokaci guda, tazarar da aka tara ta narke kafin ka sha ruwa. Wannan kam ba zan taɓa gane hikimarsa ba.

Da yamma na ɗauki takalmi na tafi fili, ko jikina zai saki. Dattijon da ke koyar da yara yana nan da usur a wuya. Yana ganina ya fara dariya.

"Ɗana, har yanzu kana raye? Na ɗauka ƙungiyarka ta ƙarasa ka."

"Baba, ana dai lallaɓawa."

Na fara zuba masa duk abin da na gano, ƙafafu a gindin kwando da lissafin 105. Bai bar ni na gama ba. Ya ce in tsaya a kusurwa in jefa goma. Na ci bakwai, na ɗan ɗaga kafaɗa. Sai ya haɗa mu uku da uku, ya ba ni wasu dogayen yara biyu masu ƙarfi waɗanda ba su jifa daga nesa, ya raɗa wa abokan karawarmu wani abu a kunne. Cikin minti goma na ga tashin hankali. Duk inda na juya mutum biyu ne. Na miƙa wa yaron da ke sake, ya riƙe ƙwallo yana kallona kamar na ba shi garwashi, ya dawo mini da ita. Aka ƙwace mini sau uku. Da ƙyar na samu sarari sau ɗaya, a kusurwar nan da na ci bakwai, babu kowa a gabana. Ƙafafuna sun mutu, numfashi sama-sama, kaina na cewa in wannan ba ta shiga ba ba za ka sake samun wata ba. Na saki. Ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

Baba ya busa usur. Ya cire ɗaya daga dogayen, ya sako wani siririn yaro da bai kai kafaɗata ba, amma kowa a filin ya san hannunsa. Yaron bai jefa ko sau ɗaya ba a zagaye huɗun farko. Tsayawa kawai ya yi a kusurwa, mai tsaronsa ya manne masa kamar kaska. Hanya ta buɗe fayau, na shiga na ajiye uku a jere, ni da ƙafafuna suka mutu ɗazu.

"Ka gani?" in ji Baba. "Ko taɓa ƙwallon bai yi ba."

"Na gani, Baba."

"Kai minti goma ka yi a cikin matsin nan hannunka ya fara rawa. Su wata biyu."

Na zauna a gefen fili ina tunanin Cade. Shekararsa 22. An ɗauko shi na ɗaya a 2021, bara wasa 12 kacal ya buga aka yi masa tiyata a ƙwauri, ƙungiyar ta ƙare da nasara 17, mafi muni a gasar, amma da aka yi ƙuri'ar zaɓen sababbin 'yan wasa ta faɗo ta biyar, Wembanyama, wanda kowa ke nema, ya tafi San Antonio. Ya dawo da ƙafa lafiyayya ya tarar da wannan.

Da dare ƙanena ya kira, don ya ga shirun ya yi yawa.

"Yaya, fushi ake yi?"

"Wane ni."

"Gaskiya ku sayar da Cade ɗin nan ku huta. Mai ci 41 a sha kashi, 31 a sha kashi, ina amfaninsa?"

Na ce masa ya ɗauke White da Holiday da Porziņģis da Hauser daga gefen Tatum, tauraron Boston, ya sa masa mutum uku da ba a tsoron hannunsu, mu ga ko zai gane shi. Ya ce wannan zancen masu shan kashi ne. Na ce ya ba ni maharba biyu kawai, ba taurari ba, mutum biyu da in sun tsaya a kusurwa ba a barinsu. Ya ce ko goma aka ba mu sai mun koya musu tsoro. A nan ban sami abin cewa ba, don abin da na ji a hannuna da yamma bai gama sakina ba.

Gobe Toronto ce za ta zo Detroit. In aka sha kashi, 29 ke nan, tarihin ya zama nasu su kaɗai, babu mai taya su ɗauka. Na ce wa ƙanena ba zan kalla ba, na gaji, jikina ciwo yake. Ya ce to sai da safe, Yaya. Yana kashewa na saita agogon waya.