Asabar Uku a Maƙabartar Sojoji ta Yaba

Na shekara goma sha ɗaya a Agege ban taɓa tunanin shiga maƙabartar Atan da ke Yaba ba, sai da mahaifina ya kira ni daga gida ya ce in nemo masa kabarin ƙanen mahaifinsa, wanda ya shiga soja a lokacin yaƙin Hitila kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da dangi suka riƙe shi ne daga Ikko, wato Legas, ya aiko da saƙonsa na ƙarshe.

A cikin wannan maƙabarta akwai sashe na musamman mai kaburbura sama da 400 na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, da aka kafa a 1917, take ɗauke da nauyinsa. Ciyawar a aske take, duwatsun kuma a jere suke kamar sojoji a fareti, tsayinsu ɗaya, ko na hafsa ne ko na farabiti. Na tarar da wani dattijo a durƙushe da almakashi yana datse ciyawar da ke gindin wani dutse, wurin da injin ba ya iya kaiwa. Da na yi sallama ya amsa da Hausa, na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya tambaye ni ko ina da lambar soja.

Ba ni da ita, kuma wannan ne kuskurena na farko. Turawa sun sha rubuta kurtu da sunansa haɗe da sunan garinsa maimakon na mahaifinsa, kuma da irin rubutun da kunnensu ya jiyo musu, saboda haka suna ɗaya yana iya hawa kan mutum biyar, lamba ce kaɗai take rarrabewa. Ya kuma fahimtar da ni cewa dakarun runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka faɗi a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ba a kawo gawarwakinsu gida ba, can ake tunawa da su. Abin da ya iso Legas daga can shi ne sunayen wuraren da aka gwabza, irin su Dodan da Arakan, waɗanda muke kiran barikoki da su kullum ba tare da mun tambayi asalinsu ba.

Duk da haka na ƙudura sai na karanta kowane dutse da idona. Wasu gansakukar damina ta fara cin haruffansu, don haka a Asabar ta biyu na zo da buroshin ƙarfe da ruwan bilic, ina ganin na zo da abin arziki. Dattijon ya riƙe mini hannu tun kafin in taɓa dutsen.

"Ɗana, so kake ka goge sunan gaba ɗaya?"

"Baba, ai haskaka shi zan yi."

"Yau zai yi haske, amma ka cinye fatar dutsen, baɗi kuma dattin zai fi samun wurin zama."

Ya miƙo mini bokitin ruwa zalla da buroshi mai laushi, ya nuna mini yadda ake jiƙa dutsen tukuna, a bi harafi a hankali, a ɗauraye, a bar rana ta ƙarasa. Dutse ɗaya ya ci mini kusan rabin awa, gwiwoyina suka yi tsami, shi kuwa ko a jikinsa.

Ba zan ɓoye ba, da farko zuciyata ba ta kwanta da wannan aiki ba. A garinmu ba a kafa wa mamaci dutse, ana tara ƙasa ne a yi addu'a a watse, in ciyawa ta yi yawa a kira gayya. To, amma a gida akwai wanda zai nuna maka inda kakanka yake kwance, su kuwa waɗannan samari sun rasu nesa da kowa nasu, in sunan ya goge babu mai shaidarsu. Hukumar kula da kaburburan yaƙin da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, manya suna ajiye furanni a saki tattabaru, amma ban taɓa jin an ambaci masu almakashi a cikin jawabi ba.

A Asabar ta uku na kai dutse na ƙarshe, sunan da nake nema ba ya cikinsu. Na kira mahaifina daga bakin ƙofa na shaida masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce tunda na riga na je, in koma ciki in yi wa waɗanda na tarar addu'a. Dattijon ya ajiye almakashinsa muka ɗaga hannu tare, bayan mun shafa ya ce in tambayi tsofaffin matan gidanmu, domin sau da yawa takardar soja a ƙasan adakar wata take.