Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ba a Yanka Uwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya ne a inda Inna ta kama hannuna ta kai ni wurin Baffa a kasuwar Dole ta Damagaram bayan na bar lakol, ta ce mashi ga ɗanka nan, in ya lalace kai ne in ya gyaru kai ne.

Baffa, Allah ya jiƙan shi da rahama, bai taɓa zaunar da ni ya ce yau zan koya maka kasuwanci ba, kallo kawai nake yi. Ƙarƙashin teburin shi akwai gwangwanayen madara guda uku, ɗaya babba biyu ƙanana. Kullum gab da magariba sai ya zazzage kuɗin ciniki kan wani buhu, ya buɗe kaye, wato littafin lissafin shi, ya lashi yatsa, ya fara ware kuɗin da zai mayar da duk kayan da suka fita ranar ya zuba a babban. Abin da ya saura shi ne riba, cikin ta ne yake ɗebar na cefane, kuma adadin ɗaya ne kullum, ko ranar Alhamis ce da kasuwa ke cika maƙil ko ranar da aka wuni ana korar ƙuda. In ya gama sai ya dafa babban gwangwanin ya ce mini "Ɗana, wannan uwa ce. Nononta ake sha, ba a yanka ta."

Da idona na ga an aiko yarinya daga gidan shi wai a ba da sukari da ganyen shayi an yi baƙi, wallahi sai da ya buɗe gwangwanin cefane ya ciro kuɗin ya jefa a aljihun tebur kamar kowane mai saye, sannan ya auna ya ƙulla ya ba ta. Butik ɗin shi ne fa, sukarin shi ne. Maƙwabtan rumfa dariya suke mashi, shi ko a jikin shi.

Dariyar ta ƙare a watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa. An kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50 aka wayi gari yana 100, duk abin da ake shigowa da shi daga waje, shinkafa, madara, sukari, ya kama hanyar tashi. Wasu a layinmu suka ga mutane na rububi sai suka ɗan ƙara kaɗan kan tsohon kuɗi suka sayar da komai cikin 'yan kwanaki suna murna sun ci riba, ran da suka je sari sai kuɗin ya kasa dawo masu da kayan da suka fitar. Waɗanda suka raba kaya bashi kuwa ba a magana, tsohon kuɗi aka biya su, wanda ma aka biya. Shi Baffa bai rufe butik ba bai ɓoye kaya ba, ya ce ɓoye abinci haramun ne, amma kowace safiya sai ya aike ni wurin manyan 'yan sari in tambayo nawa buhu yake yau kafin ya sa kuɗi. Ya ce abin da ka saya jiya ya wuce, ka dubi abin da za ka saya gobe, kuma uwar kuɗi da buhu ake ƙirga ta ba da jika ba, in ka fara shekara da buhu 40 ka gama da 30 to ka yanka uwa ko da takardun kuɗi sun cika maka aljihu.

To wannan mutumin ne fa wani ya buɗe baki ya kira marowaci a gaban jama'a. Kun san wanda nake nufi, 'yan gidanmu dai sun sani, Yaya ɗan wajen Gwaggo. Abin ya faru ne bayan rasuwar Baffa, lokacin na riga na buɗe nawa butik, na tsallake shekaru da yawa amma zan dawo masu in Allah ya yarda. Yaya zai aurar da 'yar shi sai ga shi da takarda a hannu, kayan gara, buhunan shinkafa, jarkokin mai, katan ɗin taliya, sukari, wai in rubuta sai bayan kaka. Na ce Yaya ka yi haƙuri, kayan nan da kake gani rabin su ba nawa ba ne, na Alhajin da ke ba ni sari ne kuma Alhamis zan kai mashi kuɗin shi, amma 'yarka 'yata ce, ga buhu ɗaya ka ɗauka kyauta ga jika 15 daga aljihuna. Ya karɓa fa. Ya karɓa ya tafi ko godiya babu, ran ɗaurin aure ana zaune kan tabarmi ana rabon goro sai na ji muryar shi yana cewa ai rowa gado ce, wurin tsohon ya ɗauko ta.

Ni a zage ni ba komai, ɗan kasuwa ya saba. Amma Baffa? Mutumin da yana kwance cikin kabari? A 2005, bayan fari da fara sun haɗu sun cinye amfanin gonar 2004, da tiyar hatsi ta gagari talaka, mutanen ƙauye suka cika Damagaram suna neman abin kai wa baki, wa ya riƙe gidan Gwaggo in ba Baffa ba? Ni nake ɗaukar hatsin a ka in kai masu bayan isha'i don kar maƙwabta su gani, shi Yayan da bakin shi ya ci tuwon. Baffa yana da buhun da yake ajiyewa bayan ƙofa dabam, ba ya shiga kaye, daga ribar shi yake cika shi, kuma duk shekara sai ya ƙirga kayan butik kaf da kuɗin da ke hannu ya fitar da zakka, ɗaya cikin 40, bai taɓa bari ta kwana ba. Abin da ba ya yi shi ne ya ɗauki uwa ya ba ɗan uwa da sunan bashi, ya ce bashin dangi in ka tambaya ka ɓata zumunci in ka yi shiru ka rufe butik, gara ka ba da abin da za ka iya mantawa da shi. Da ya yanka uwar tun 1994 don a ce mashi mai kirki, da me zai ciyar da su a 2005?

Kuma kuɗin Alhajin nan da na ƙi taɓawa saboda gara, shi ya tsayar da ni daga baya. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, kayan da muka saba samu daga Kano ta Matamai da Magarya suka yi wuya, ɗan abin da ya shigo ba kowa ake ba ba, ana duba kaye ne a ga wa ke cika alkawari. Ni ko sisi ban kai ba ake loda mini, wasu da kuɗin su a hannu ana ce masu babu. Haka aka sake yi a 2023 bayan juyin mulki da aka sa mana takunkumi, ga iyaka a rufe ga kuran ɗin da ke zo mana daga Najeriya an yanke, yara da yawa da suka zuba rabin jarin su a firigo don sayar da ƙanƙara da lemu mai sanyi suka zauna suna kallon shi.

Abin da ke ba ni tausayi da samarin yanzu ke nan, yaro ya samu jari ko daga adashe ko wani ya taimaka mashi, kafin ya sayi katan ɗaya na sabulu ya yi fenti, ya sa gilashi, ya sayi babur da babbar waya, kanta kuwa fayau. Baffa har ya koma ga Allah teburin katakon nan ne dai da sikelin shi, amma ba ka zuwa ka ce maggi ko ashana ko sukarin dala biyar ya ce maka babu. Kayan da ke fita kullum yake cikawa ko da ribar dala ɗaya ce a kai, kayan da za su yi wata suna shan ƙura ba ya kusantar su duk yadda dillali ya kai ga zaƙin baki.

Shi Yaya ya taɓa buɗe nashi wurin a Sabon Gari, ba zan ce komai a kai ba tunda kowa ya ga yadda ta ƙare. Har yau bai zo ya ce mini ya yi kuskure kan maganar Baffa ba, muna gaisawa a suna da jana'iza shi ke nan. Sai ga shi cikin satin nan Gwaggo ta aiko a kira ni, tsufa ya kama ta sosai, ta riƙe hannuna ta ce ɗan Yayanka na biyu ya gama lakol yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, ka ɗauke shi butik. Na ce to Gwaggo, ki ce ya zo ran Asabar da sassafe kafin a buɗe. Yaron ba shi da laifi, ba shi ya yi maganar ba.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ran da Baffa ya fara aike na Kano ni kaɗai da kuɗin sari ɗaure a ƙugu, da abin da ya faru tsakanina da 'yan canji.