Godiya Bayan Taron Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, taron karrama malaman gona ya tashi lafiya, baƙi duk sun isa gidajensu, ni ma sai yau na samu na zauna. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda saƙonsu ke jibge a WhatsApp ban buɗe ba, don Allah ku yi mini afuwa, gajiya ce ta yi mini rubdugu. Kun ga hotuna, kun san yadda aka yi ta ɗage ranar, kun san zaryar da aka sha kafin ta tabbata, ba sai na maimaita ba.

An kira mu, matasan malaman gona da ba mu daɗe da kama aiki ba, aka ba kowa lambar yabo da takarda. Mun gode wa waɗanda suka ga dacewar a tuna da ƙananan ma'aikata tun ba su tsufa a kan aiki ba. Allah Ya saka da alheri. Amma ni da na hau karɓa, idona ba ya kan babban teburi. Inna nake nema cikin jama'a, sai can na hango ta kusa da ƙofa, ta ƙi zama a kujerar da aka ba ta wai ta manya ce.

Inna ba ita ta haife ni ba. Tsohuwa ce a wani ƙauye da ke gaba da Jega, inda aka fara tura ni koya wa mata ajiyar wake ba tare da magani ba. Duk wanda ya san harkar ya san abin da ake yi. Ana zuba wa wake maganin ƙwari mai ƙarfi, wani ma na feshin gona ne, ko a jefa ƙwaya a buhu a ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana. Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mu kuwa ba wanda ya hana mu, mu ke ci. Abin da na je da shi buhun PICS ne, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, shi ke nan. Magana mai sauƙi a baki. Amma je ki ce wa matar da kwanon wake goma ne jarinta na shekara ta ɗaure shi wata da watanni babu magani, ki ga irin kallon da za ta yi miki.

Babu wadda ta yarda. Wasu na cewa yarinyar boko ta zo ta koya wa kakanninta rumbu. Inna ce ta tashi ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki ta jawo wakenta, wanda take tanadi don auren jikarta, ta ce a zuba.

Ranar buɗe buhu ita ce ranar da ba zan manta ba. Mai gari ya sa an yi shela, mata sun cika zaure har waje, maza na leƙe ta katanga. Ni kuwa daren ban runtsa ba, domin na san ɓera ɗaya in ya huda leda aiki ya ɓaci, kuma ba wanda zai ce ɓera ne, ni za a ce. Na durƙusa zan kwance igiya hannuna ya ƙi tsayawa, sai karkarwa. Inna ta sunkuyo kamar mai gyara zane, ta ce mini a kunne yadda ba wanda zai ji: "Ɗiyata, in ya ɓaci nawa ne ya ɓaci, ba naki ba. Kwance." Wallahi ko yanzu da nake rubutawa sai da idona ya kawo ruwa. Ba ta san abin da ke cikin buhun ba, ni ma ban sani ba, amma ta riga ta yafe. Wake ya fito fes, aka yi guɗa, aka yi ta ɗiba ana dubawa a tafin hannu. Wannan duk kun ji labarinsa. Maganar kunnen ce ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Inna, na san ba ki son a ambace ki, kuma jikanki zai karanta miki wannan ki yi mini faɗa. Ki yi haƙuri. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa ki ga auren sauran jikokinki, Ya kai ki Makka, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Ranka ya daɗe mai gari, na gode da zauren da ka ba mu da kuma shigar da ka yi mana wajen mazan da ke hana matansu fitowa. Sarkin Noma, Allah Ya ja zamaninka. Baba mai kabu-kabu da ke jira na har bayan la'asar, ranar da babu kuɗin mai a hannuna ya ce in bari sai wata ya yi, Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Malam, tsohon malamin gonan da ya yi ritaya amma bai daina ɗaukar wayata ba, kai ka ce mini in fara gaida tsofaffi kafin in buɗe jaka. Da shi nake aiki har gobe.

'Yan'uwana da aka karrama tare, ku kun fi ni shan rana. Akwai wanda ya yi ta fama a fadamar Argungu sai da manoma suka yarda su yi renon irin shinkafa na FARO 44 su dasa a layi maimakon watsi. Akwai wanda ke bin gonakin masara da sassafe yana buɗe kunnen shuka yana nuna tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016. Akwai mai fama da ruɓewar albasa a Aliero. Sannan ga waɗanda suke wajen Danko-Wasagu da Sakaba, inda zuwa gona kansa sai da addu'a, wasunsu ko taron ba su samu zuwa ba. Allah Ya tsare ku, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, mu da maƙwabtanmu na Zamfara.

Tunda na samu bakin magana, bari in faɗi ɗaya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan Kebbi a 2015, kowa ya san jiharmu da shinkafa, har ta kai Legas da sunan Lake Rice. Amma iri da taki ba sa yi wa manomi bayani, sai an samu mai tsayawa a bakin kunya ya nuna. Daga 2023 da aka cire tallafin mai, malamin gona da yawa daga albashinsa yake zuba wa babur mai, in ma yana da babur ɗin. Lambar yabo ta yi mana daɗi, ba ƙarya, sai dai ba ta kai mutum ƙauye. Masu iko da suka tafa mana, a duba mana wannan.

Mahaifiyata, wadda ta sha maganganu saboda 'yarta na yawon ƙauyuka, da maigidana da ke riƙe yara in dare ya yi mini a hanya, ban da abin da zan biya ku. Gwaggo ta taso tun daga Yauri da ciwon ƙafarta, Allah Ya ba ki lafiya. Wasu kuma da ke nan cikin gari, tafiyar da ba ta kai kuɗin kabu-kabu ɗaya ba, an kai musu kati har gida. To, kowa da uzurinsa, ban riƙe kowa ba. Na dai so a ce sun zo sun ga abin da yawon ya haifar.

Ya Allah Ka ba mu damina mai albarka, Ka tsare fadamunmu daga ambaliya da jan baki, Ka sa wa manoma albarka a guminsu, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wanda ya zo, da wanda ya yi addu'a daga nesa, da wanda na manta ban ambata ba, Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri. Matan ƙungiyarmu kuma, zaman wannan makon yana nan yadda aka saba, kowace ta zo da buhunta a duba leda kafin kaka.