Gyambon kwanciya a sashen masu tsananin jinya: abin da aikin ya koya mini

Majiyyacin da ke kan injin numfashi, an ba shi maganin barci, ba ya iya cewa gefe ɗaya ya gaji. Mai lafiya ko cikin barci yakan juya da kansa, shi kuwa inda aka ajiye shi nan zai wuni, nauyinsa na danne hanyar jini tsakanin ƙashi da katifa har naman wurin ya mutu. A matsayina na nas a wannan sashe, hana hakan na cikin aikina na kullum.

Littattafai sun ce alamar farko ita ce jan da ba ya washewa idan an danna da yatsa. To, a baƙar fata sau da yawa jan ba ya fitowa, sai dai hannu ya gaya maka: wurin ya fi kewayensa zafi ko sanyi, ya yi tauri, ko ya yi duhu fiye da sauran jiki. Shi ya sa duk lokacin juyi nakan haska fitila, in ɗora tafin hannu a ƙasan gadon baya, da diddige, da ƙeya.

Muna cike ma'aunin Braden, takardar auna haɗarin kamuwa da gyambon kwanciya, wanda ya fito a 1987, mai maki daga 6 zuwa 23; wanda ya samu 18 ko ƙasa da haka yana cikin haɗari. Sai dai a wurinmu kusan kowa makinsa a ƙasa yake, don haka na fi sa ido kan wanda ake yi wa ƙarin noradrenaline, maganin ɗaga ƙarfin jini idan ya faɗi, tunda yakan rage jinin da ke isa fata, da mai zawo, da wanda abinci bai shiga jikinsa yadda ya kamata.

Juyi duk bayan awa biyu ne, a karkata shi kamar digiri 30 a tokare da matashi, ba a kifa shi kan ƙashin kwatangwalo ba. Ɗaga shi muke yi da zanin gado, domin ja na yage fata ta ciki. Kan gado kuwa rigima ce: a ɗaga don kare huhu, majiyyaci ya riƙa zamewa ƙasa. Mukan tsaya a digiri 30, mu ɗan ɗaga gwiwa. Diddige a bar shi yana lilo, matashi a ƙarƙashin ƙwauri. Katifa mai iska tana taimakawa, amma ba ta ɗauke wa kowa juyi.

Abin da ya fi yaudara shi ne kayan aikinmu. Bututun numfashi kan ci gefen leɓe, robar abinci ta ci ƙofar hanci, igiyar abin oksijin ta yanka bayan kunne, wani lokaci murfin sirinji ne ya faɗa ƙarƙashin cinya ya kwana. Mukan sauya wa bututu gefe, mu leƙa ƙarƙashin kowace roba.

'Yan uwa kuma, da kyakkyawar niyya, sukan so murza wurin. "Sista, bari in ɗan matsa masa da mai." Nakan ce, "A'a Mama, murza ƙara ɓata shi take yi. Shafa masa a hannu da ƙafa, wannan wurin kuma a bar mana."